Kwalbar da Ban Kai Birni Ba

Zuwa ga Kulu, uwar Luba,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sanyaya makwancinki. Hannuna har ya fara rubuta fatan kina lafiya, saboda sabo, sai na tsaya. Shekara talatin da wani abu na yi a gindin durumin bakin kotu ina rubuta wa mutane wasiƙa, ta mai neman gado, ta mai neman saki, ta uwar da ɗanta ya tafi Ikko ya manta hanyar gida, kuma kowace na san hannun da zai buɗe ta. Wannan ce ta farko da na san babu mai buɗewa. Ko kina nan ma ba boko kike karantawa ba, ni zan zauna in karanta miki, ki riƙa katse ni kina cewa in bar kewaye-kewaye. To ki yi haƙuri, kewayen nan sai na yi shi, don abin da ke tsakiya yana da zafi.

Damina uku ke nan ba ke. Ruwan bana ya ci katangar yamma, na tare wurin da zana. Gero ya yi a gonar kusa. Ta nesa kuwa ba wanda ya taka ta, kin san dalili, masu bindiga ba su gaji ba tukuna. Akuyarki mai kunne ɗaya ta haifi biyu, kuma har yau ba ta tuba da cin takarduna ba. Matar ƙanena ke aiko mini da tuwo, Allah ya saka mata, amma miyarta kamar an nuna wa ruwa kuka daga nesa aka mayar cikin tulu.

Ba don akuya na ɗauki alƙalami ba. Kulu, abin ya taɓa Luba. Na hagu, kamar naki.

Mijinta Isah ne ya zo daga Bukkuyum ya gaya mini. Kin san kunyarsa. Tun daga waje ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure, ya gaishe ni da gona, da ruwa, da gwiwa, da gajiyar jiya da ta shekaranjiya, har na ce masa in mutuwa aka yi ya faɗa mu yi salati. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ƙirjinta ne. Wai tun lokacin shuka ta ji shi, ƙululu kamar ƙwayar wake. Yanzu gero na rumbu, ya kai ƙwan zabo. Ya yi rarrashi, ya yi faɗa, ya kira yayarsa ta yi mata magana, ta ce ba inda za ta.

Kin san dalilinta? Ta ce Innarta ai ba ta yi sakaci ba. An gani da wuri, an cire da wuri, Baba da ƙafarsa ya kai naman birni aka gwada, aka ce babu komai, ga shi bai hana ciwon dajin cinye ta ba. To mi za ta je nema? A yanka ta, a yi mata ƙarya, a sa ta zirga-zirga a hanyar da ake sace mutane, ta ƙare a barandar asibiti tana jiran a kira sunanta? Ta ce gara ta sha sassaƙe a ɗakinta, ɗiyanta huɗu na gabanta, har ranar da Allah ya yi.

Isah ya roƙe ni in je in yi mata magana, wai ni kaɗai take jin maganata. Na ce masa to. Na kwana goma sha ɗaya ban je ba.

Bari in ba ki labarin ƙanwarki Saratu tukuna, ta Ingila, wadda har yau in ta kira waya sai ta tsokane ni da wasan nan namu, wai ina tsohon mijinta mai rowa. Shekara guda bayan tafiyarki ita ma ta ji ƙululu. Ta warke, Kulu, kada ki razana. Sumarta ta zube ta sake fitowa fara fat, tana nuna mini a waya tana cewa yanzu ta dace da ni. Ita ta lissafa mini kwanakinta, ni kuma da halin tsohon akawu na rubuta su a bayan kalanda. Ranar Litinin ta ga likitan unguwarsu. Kafin Juma'a biyu su wuce an kira ta babban asibiti. A yini ɗaya aka duba ta, aka ɗauki hoto, aka sa allura aka ciro ɗan nama, ta koma gida ta ci abincin rana. Bayan kamar mako aka gaya mata sunan ciwon. Kafin wata biyu ya cika daga ranar da ta fara zuwa, an yi aiki an gama.

Na tambaye ta wa ya kai naman wurin gwaji. Ba ta gane tambayar ba. Na maimaita har sau uku, ta yi dariya ta ce tsoho ka fara ruɗewa, ba wanda ke kai komai, ɗakin gwajin yana nan cikin ginin, ita ko kwalbar ba ta gani ba.

Kuma kin san abin dariya? Ƙorafi take yi. Wai a can mutane na ta faɗa kan jira, wai wata maƙwabciyarta ta wuce wata biyu ba a fara mata magani ba, har ta rubuta takardar koke ga wakilinsu. Mijin Saratu ya ce akwai ƙasashen da suka fi su sauri, akwai waɗanda ba su kai su ba, har a cikin ƙasa ɗaya wani gari ya fi wani. Ban musa ba. Na san matar wani mai hatsi a Anka da aka kai Masar bayan ƙaramar Sallah, ta dawo kafin layya an yi mata komai. Ashe jira ma hawa-hawa ne. Na dai ce wa Saratu ta gaya wa maƙwabciyarta in tana neman marubucin koke ga ni, amma ban san yadda ake kuka kan wata biyu ba, sai ta koya mini. Ke da Saratu nono ɗaya kuka sha, ciwo ɗaya ya same ku. Ita makonni aka ƙirga mata. Ke damina aka ƙirga.

Saratu ta kira Luba ba sau ɗaya ba, tana kuka tana cewa ga ta ita shaida ce, ana warkewa. Luba ta ce mata gwajin can daban, na nan daban. Na can gaskiya yake faɗa, na nan ya ce Inna lafiya lau take. Saratu ita ma haka ta sani. Har ta ba likitanta labarin yadda gwajin farko ya kuskure ciwon yayarta. Kin gani? Ni ban taɓa wuce Kaduna ba, amma ƙaryata ta je Ingila ta zauna a ofishin likita.

Na kai tsakiya yanzu. Kulu, ba a gwada komai ba. Ban kai kwalbar nan birni ba.

Kin tuna ranar da aka cire miki ƙululun farko a ƙaramin asibitin nan na Gummi. Kina kwance maganin barci bai sake ki ba, Sista Rifkatu, 'yar Zurun nan mai faɗa kamar uwar miji, ta kira ni gefe ta danƙa mini kwalba. Ta liƙa filasta a jiki ta rubuta sunanki. A ciki ga abin yana yawo cikin wani ruwa mai yaji a ido. Likita ya ce mai yiwuwa ba komai ba ne, amma a kai birni a gwada, sakamako sai bayan wata ɗaya ko biyu. Sista ta riƙe hannun rigata ta ce Baba, gobe, ba jibi ba, kuma kada ka ba direba, da hannunka. Kunnena ya ɗauki rabin maganar likita na farko ya ajiye, ya bar rabi na biyu a nan ƙasa.

Wallahi na je tasha. Na shiga mota, na zauna tsakanin wani mai albasa da wani malami, kwalbar na aljihun gaba tana taɓa ƙirjina. Ana jiran mutum biyu mota ta cika. Sai mai albasa ya fara ba da labarin shingayen hanya, yadda ake sauke kowa, a zazzage jaka, a juye aljihu, a tambayi kowane abu mene ne. Na ga kaina tsaye a rana, wani yaro mai bindiga sa'an jikana ya ɗaga kwalbar sama gaban maza goma sha, ya ce tsoho, mene ne wannan? In ce masa me? In ce naman nonon matata ne? Ke da ko sunanki ban taɓa faɗa a gaban maza ba, sai dai in ce mai ɗakina?

Kuma wani abu na ci na tun da aka danƙa mini kwalbar. Mu da aka tashe mu ba a yar da ko farce a sarari. In an yi aski a tattara suma a rufe. In an haihu a haƙa rami a binne mabiyiya da mutunci. Kakata da ta raine ni ba ta yarda haƙorin yaro ya kwana a ƙasa ba. To ga tsokar jikin mutum, jikin musulma mai rai, zan kai wa waɗanda ban sani ba su yayyanka, su gama su zuba a ina? Na ce a raina ai mugun abin ya riga ya fita, ga shi a aljihuna. Wa ke bin maciji da tambayar sunansa bayan an fitar da shi daga ɗaki? Haka na yi wa kaina huɗuba har na gamsu. Na ce wa direba na manta wani abu, na sauka.

Gida ba kowa, kuna asibiti ke da Luba. Da hantsi ne. Na yago farin ƙyalle daga tsohon rawanina, na naɗe kwalbar, na haƙa rami a bayan ɗakinki, kusa da inda aka binne mabiyiyar Luba, na yi bisimilla na rufe. Har wani sanyi na ji a raina, kamar wanda ya sauke farali. Daga nan na hau mota zuwa Anka, na kwana biyu wurin abokina ina ce masa kewarsa ce ta kawo ni. Na sayo miki dabino a kasuwarsu na ce na birni ne. Bayan wata guda na shigo da fara'a na ce sun bugo waya, babu komai. Kika yi guɗa. Kika dafa shinkafa da wake aka raba wa maƙwabta sadaka. Na ci, Kulu. Har ƙari na yi. Da Sista Rifkatu ta tare ni a kasuwa tana tambayar takarda, na ce tana gida, na tsallaka layin masu tattasai da sauri kamar ɓarawo.

A tatsuniyoyin kakata, duk abin da aka binne a ɓoye sai ya tsiro ya kira sunan mai binnewa. Muna yara muna dariya. Nawa bai tsiro a bayan ɗaki ba. A jikinki ya tsiro, bayan wata goma, a wurin ɗinkin da cikin hammata, da tauri kamar dutsen niƙa.

Sauran kin san shi, ke kika sha. Amma bari in lissafa, don na rubuta naki a bayan kalandar nan kusa da na Saratu. Mako uku kafin mu ga likitan da ya dace. Aka ciri nama, aka ce mu dawo. Muka dawo aka ce ana yajin aiki. Mako bakwai kafin takarda ta fito ta gaya mana abin da idonmu ya riga ya gani. Aka fara ruwan nan da suke kira kemo, a yi ɗaya, a ce na biyu ya yanke a jira. Hanya ta rufe mana sau biyu, muka juyo daga rabi. Da aka zo gashi, wato ƙona ciwon da inji, aka ce injin ya lalace, sai wani gari, can ma layi ne, a bar lambar waya. Kin riƙa sa ni in duba wayar ko tana da caji. Sun kira, Kulu. Ban gaya miki ba don ba ki nan. Muna zaman makoki an share kwana bakwai, wata yarinya mai ladabi ta bugo ta ce layi ya zo kanki. Na yi mata godiya, na ce kin samu wuri.

Wata bakwai ke nan, na hukuma. Wata goman farko kuwa nawa ne. Shekara uku ina ɓoye gomana a bayan bakwai ɗinsu. Duk ranar da aka zauna a majalisa ana zagin masu mulki saboda asibiti, ni ne mai babbar murya, ana cewa a bar Malam Mamman ya yi, shi aka ƙona. Kuma gaskiya nake faɗa, bakwai ɗin nan ma sun isa kisa. Amma da na kai kwalbar, ko da sun riƙe ta wata biyu, da wane irin ciwo za mu je musu? Ƙwayar wake ko dutsen niƙa? Ban sani ba ko da kin rayu. Na dai san ban bari an gwada ba.

Abu ɗaya ke hana ni sakat. Ranar da likitan birni ya tambayi takardar gwajin farko, ke kika riga ni amsawa. Kika ce akuya ta cinye. Likita ya yi murmushi ya ci gaba da rubutu. Kulu, wace takarda? Ni waya na ce miki an bugo, ba ki taɓa ganin takarda ba. Ba ki dube ni ba, kika gyara mayafi kawai. Tun yaushe kika sani? Dabinon ne ya tona ni? Ko sabuwar ƙasar bayan ɗaki kika gani? Wata bakwai ina ɗaga ki ina kwantar da ke, ina goge miki baki, ba ki ce uffan ba. Rufa mini asiri kika yi, ko hukuncin ke nan? Na fi son ki zage ni. Da kin zage ni sau ɗaya da na samu abin riƙewa.

To kin ga inda aka tsaya. Luba ba za ta je asibiti ba saboda gwajin da ya yi wa Innarta ƙarya, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san gwajin bai yi ƙarya ba. Kwana goma sha ɗaya ina neman wata hanyar. Na ce in sa liman ya yi mata wa'azi. Na ce in ƙirƙiro wata ƙaryar, in ce daga baya sun gano kwalbar wata aka musanya da taki. Har na tsara maganar tsaf, ai sana'ata ce. Sai na ga in na faɗi haka na ƙara mata hujja ne. Kowace safiya ina alwala ina tuna abin na girma a jikinta, ba ya jiran in gama jin kunya.

Ranar kasuwar Bukkuyum na je. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta yi murna, ta ce Baba ya zo ba sanarwa, ta kori yara su kamo kaza. Na ce a bar kaza, a fitar da yara, Isah ya zauna ya zama shaida. Na faɗa mata duka kamar yadda na faɗa miki, ban rage mai albasa ba, ban rage shinkafa da wake ba. Hannunta bai tsaya ba, tana tsince wake tana jefa tsakuwa gefe. Da na gama ta yi tambaya ɗaya: a ina? Na gaya mata. Ta ce nan da take shanya kayan Inna tana takawa kullum? Na ce nan.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe. Ta fito da abinci a kwanon baƙi, ta durƙusa nesa, ta ajiye, ta ce Malam ga abinci. Malam, Kulu. Yarinyar da ta koyi tafiya riƙe da babbar rigata. Isah ya rasa inda zai sa idonsa. Na ci loma biyu don kada in ƙara laifi, na kama hanya kafin la'asar, don ba a yin yamma a hanyar nan.

Jiya Isah ya bugo waya. Za ta je. Ranar Litinin za su tashi, Sista Rifkatu ta rubuta musu takarda. Amma da sharaɗi, kuma ya yi ta ba ni haƙuri kafin ya faɗa. Kada in bi su. Kada in zo tasha. Duk abin da likita ya ce, Saratu za ta gaya wa, in Saratu ta ga dama ta gaya mini. Labarin ɗiyata da ke nan kusa da ni sai ya je Ingila ya dawo kafin in ji. Na ce masa ya ce mata na yarda, kuma ta yi daidai.

Na so in ce miki hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Ta riga ta yi wata biyar. In hanyarta ta bi taki, mako uku kafin likita, mako bakwai kafin takarda, in ba a shiga yaji ba, in ruwan magani bai yanke ba, in injin na da rai, in an bar hanya a buɗe. Wane ne a cikin waɗannan zan iya? Ba ni da jirgi, ba ni da ɗan uwa a ofis, gonar kusa kaɗai ta rage kuma na riga na sa a nemo mai saye. Abu ɗaya da ke hannuna na bayar, na bayar da shi a makare. Me zan yi ranar Litinin? In zauna a zaure in ƙirga motoci?

Na daina roƙon Allah ya sa ta yafe mini. Yafiya ta mai shirin tafiya ce, na ga yadda kika yafe wa kowa a makonki na ƙarshe, ba na son ganin wannan a fuskar Luba. Abin da nake roƙo a kowace sujada shi ne ya bar mini ita da fushinta. Ta ƙi gaishe ni bana, ta ƙi baɗi. Ta ƙi zuwa jana'izata in ta so. Ta yi furfura, ta zubar da haƙora, ta tara jikoki a tabarma tana ba su labarin wani wawan tsoho da aka aika birni ya sauka a tasha. Shekara arba'in tana jin haushina, Kulu, shi ne duk abin da nake nema. In akwai wata ƙofa a inda kike da ake karɓar roƙon uwa, ki taya ni.

Na bar ki haka, an kira azahar. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Sai na zo, in kin yarda ki dube ni.

Naki,
Mamman na Kulu, kamar yadda har yau ake kirana a kasuwar Gummi.